Karatu Mai Wuya da Karatu Mai Amfani: Tarihin Wata Matsala a Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Akwai ƙorafi iri biyu da aka saba ji game da makarantun boko a ƙasar Hausa. Na farko shi ne cewa karatu ya yi sauƙi har ya zama wasa, yaro yana gama sakandare bai iya rubuta wasiƙar neman aiki ba. Na biyu kuwa shi ne cewa abin da ake koyarwa ba shi da dangantaka da zaman duniya, yaro yana haddace sunayen kogunan Turai amma bai san inda kogin da ya ratsa garinsu ya dosa ba. Galibi akan ɗauka cewa maganin ɗaya shi ne ke haifar da ɗayan, watau in an tsananta karatu sai ya yi nesa da rayuwa, in kuma an kusantar da shi ga rayuwa sai ya yi rauni. Manufar wannan lacca ita ce a gwada wannan zato da tarihin ilmi a yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tun daga zamanin malaman 'Yandoto har zuwa bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a shekara ta 1996.

'Yandoto da zamanin jihadi

Kusa da garin Tsafe na yanzu ne tsohon garin 'Yandoto yake, a yankin da ake kira Katsina Laka. Kafin jihadi garin ya yi suna a matsayin mazaunin malamai, almajirai suna zuwa daga wurare masu nisa don neman ilmi. Har yanzu sarautar Tsafe tana ɗauke da sunansa, domin 'Yandoto ake ce wa sarkin. Da yawa daga malaman garin ba su goyi bayan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba, saboda haka wajen shekara ta 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, malamai suka watse. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, yana cikin waɗanda suka bi Shehu daga wannan yanki, shi ya sa ake kiran sarkin garin Sarkin Katsinan Gusau.

Tsarin karatun wancan zamani hawa biyu ne. Akwai makarantar allo, inda yaro ke koyon baƙaƙe da wasulla da hadda. Sa'an nan akwai makarantar ilmi a zauren malam, inda ɗalibi ke bin littattafai ɗaya bayan ɗaya, daga ƙanana kamar Ahalari da Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala da Muhtasar. Babu wanda zai ce wannan karatu mai sauƙi ne. Amma wuyarsa tana da inda ta dosa, kuma ilmin rabon gado ya isa misali. A ce mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Matar tana da tumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa da uba kowannensu yana da sudusi. In aka kasa dukiyar kashi 24, matar ta sami 3, 'ya'yan 16, uwa 4, uba 4, jimla 27 ke nan, ta zarce abin da aka kasa. Dole ɗalibi ya san yadda ake mai da asalin rabon 27, kowa ya ragu daidai gwargwadon rabonsa. Wannan lissafi ne da zai iya ba ɗan sakandare na yau wuya, kuma ɗalibin zaure ya san cewa ranar da zai yi shi da gaske magada za su kasance zaune a gabansa, kuskure kaɗan zai raba zumunci.

Wannan ilmi ya kai wasu matsayi mai nisa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1741, ya bar rubutu a kan lissafin hatimai, watau jeren lambobi a cikin murabba'i wanda kowane layi jimlarsa ɗaya ce, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Sai dai tun a wancan zamani an sami masu mai da wuyar karatu abin ado. Shehu Usmanu ya yi rubuce-rubuce da dama yana sukar malaman da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na masana ba. Ya kuma soki malaman da ke koyar da almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Shi kansa ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, yana yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta ɗora a kan haka da tsarin 'yan taru, inda jajoji ke kawo mata daga ƙauyuka su koyi waƙoƙin ilmi su koma su koyar. Muhammadu Bello kuwa, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan ƙa'idojin mulki, ya sa kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani cikin wajiban shugaba, har da tabbatar da cewa kowane gari yana da nasa. Ke nan shugabannin jihadi sun ga matsalar da idonsu, sun kuma nemi maganinta ta hanyar kai ilmi mai zurfi ga mai bukatarsa.

Zuwan boko

Turawa sun ci Sakkwato a shekara ta 1903. A shekara ta 1909 Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Da Hausa ake koyarwa cikin rubutun boko, akwai sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da na koyon sana'o'in hannu. Daga baya Vischer ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilmi a ƙasashen Afirka da take mulki, kwamitin da ya fito da sanarwar shekara ta 1925 mai cewa a daidaita ilmi da al'adu da sana'o'in jama'a. Wannan ra'ayi ya sami ƙarfi daga rahotannin hukumar Phelps-Stokes ta Amurka, wadda ta ɗauki makarantun Hampton da Tuskegee na baƙar fatar Amurka abin koyi.

A bisa takarda wannan manufa tana da kyau. Amma da yawa daga 'yan Afirka masu ilmi sun yi mata kallon dabarar tsare baƙar fata a gona da maƙera, a bar wa Bature aikin tunani. Zarginsu yana da tushe, domin an raba ilmin gida biyu. A gefe ɗaya ga makarantar elementare da gonarta da aikin hannunta, waɗanda ba su kai yaro ko'ina. A ɗaya gefen ga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a shekara ta 1922, inda aka tsananta Turanci da lissafi ga 'yan ƙalilan da aka zaɓo daga larduna. Kowane uba mai ido ya ga wace hanya ce ke kai wa ga albashi da muƙami a En'e. Tun daga nan aikin hannu a makaranta ya fara zama abin raini, har noma a gonar makaranta ya koma horon da ake yi wa mai laifi.

Duk da haka an sami wurin da aka haɗa abubuwan biyu, watau wajen littattafai. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Dokta Rupert East ta shirya gasar rubutu a shekara ta 1933, ta kuma sa Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce don karantawa a makarantu. Hausar littafin ba ta yara ba ce, tana ɗaga mai karatu sama, amma duniyar da ke ciki tasa ce. Daga baya East da Imam sun rubuta Ikon Allah don bayyana ilmin halittu da Hausa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a shekara ta 1939, ta ba wanda ya koyi boko abin da zai yi da karatunsa bayan ya bar makaranta.

Gusau da Maru

A shekara ta 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda. Wannan ya sake fasalin garin ƙwarai. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna don sayen gyaɗa da auduga, wadda Zamfarawa ke kira kaɗa, aka kafa injin gurza, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari. Nan da nan sai ga bukatar akawu da mai awo da makaniki da mai kula da sito. Yawancin waɗannan ayyuka baƙi ne suka riƙe su, domin makarantun lardi kaɗan ne, kuma an tsara su ne don samar wa En'e ma'aikata. Manomin Tsafe ko na Bunguɗu yakan kawo kayansa a ɗora a kan sikeli, ba ya iya karanta abin da sikelin ya nuna. Ahmadu Bello, wanda ya fito daga Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Sakkwato, ya zauna a Gusau daga shekara ta 1938 yana kula da gundumomin gabas a madadin Sarkin Musulmi. Irin wannan rata tsakanin 'yan ƙasa da ayyukan zamani ita ce gwamnatin da ya shugabanta daga baya ta yi ƙoƙarin cikewa da manufar mai da ayyuka hannun 'yan Arewa.

Gaba kaɗan da Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato akwai Maru, inda aka kafa makarantar horon malamai. A can aka tura Malam Aminu Kano a shekara ta 1949, bayan ya dawo daga karatu a London ya kuma kafa ƙungiyar malaman Arewa. An san shi da amfani da wasan kwaikwayo da muhawara wajen koyarwa, da jawo hankalin ɗalibai ga halin da talakawa ke ciki. A zamansa na wannan lardi ya yi yunƙurin kafa ƙungiyar kyautata makarantun allo. Bai daɗe ba, ya ajiye aiki a shekara ta 1950 ya shiga siyasa. Labarinsa ya nuna wani abu da masu tsara manhaja ba su cika faɗa ba: karatun da ya taɓa rayuwa da gaske yakan sa ɗalibi ya yi tambaya game da haraji da shari'a da farashi, kuma ba kowace hukuma ce ke maraba da wannan ba.

A farkon shekarun 1950 aka fara Yaƙi da Jahilci. Hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai kan noma da kiwon lafiya da sana'o'i, da jaridun larduna, ciki har da Zaruma ta Lardin Sakkwato. Manya sun shiga azuzuwan ne don dalili bayyananne, su karanta rasidin haraji, su rubuta wasiƙa ba tare da wani ya ji sirrinsu ba. Amfanin yana kusa, shi ya sa aka sami ɗoki. Rauninsa shi ne karatun bai yi zurfi ba, da yawa kuma sun manta abin da suka koya da aka rufe NORLA a ƙarshen shekarun nan, littattafai suka yi ƙaranci.

Bayan mulkin kai

A watan Satumba na shekara ta 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka zo. Aka yi gaggawar horar da malamai, aka cika azuzuwa. Malamin da ke gaban yara masu yawa, ba littafi ba kayan aiki, ba shi da wata dabara sai ya rubuta a allo su maimaita. Ta haka hadda ta mamaye boko, ba tare da tsananin da makarantar allo ke da shi ba, inda malam ke sauraron kowane almajiri shi kaɗai kafin ya ba shi izinin wanke allo.

Manufar ilmi ta ƙasa ta shekara ta 1977 ta yi niyyar gyara. Ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a shekara ta 1982, da nufin kowane yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba. A makarantu da yawa a faɗin ƙasar akwatunan sun shekara da shekaru ba a buɗe ba, don babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san injin. Darasin fasaha ya koma zanen zarto a allo, a haddace sunayen sassansa don jarrabawa. Abin lura shi ne an nemi amfani a cikin akwatin da aka yo oda daga ƙetare, alhali maƙeri da kafinta da marini suna bakin kasuwa, kuma a Gusau akwai injin gurza da masaƙar Zamfara, wadda a lokacin take aiki kafin ta durƙushe.

Batun harshe ma ya shiga ciki. Manufar 1977 ta ce a koyar da harshen uwa a farkon firamare. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga shekara ta 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turanci. A shekara ta 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da koyarwa da harshen uwa a dukan firamare, a ƙarshen shekara ta 2025 kuma ta janye. Ko wace manufa ke aiki, malamin aji ya san abu guda: yaron da bai fahimci tambaya ba ba zai yi tunani a kanta ba, sai dai ya haddace amsa. Sau da yawa abin da ake ɗauka wuyar darasi wuyar harshe ce kawai.

Darasin shekara ta 2010

A shekara ta 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka bukaci magani, sai da aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a garuruwa kamar Bagega.

Talauci da tsadar zinariya da rashin sa ido na hukuma su ne manyan dalilan wannan masifa, ba za a ɗora wa makaranta laifinta ba. Amma dalma tana cikin manhajar kimiyya ta sakandare, ɗalibai suna haddace alamarta da nauyinta kowace shekara. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan nuna nisan da ke tsakanin sanin sunan abu da sanin abin. Darasin da zai bayyana yadda dalma ke shiga jini, da dalilin da ya sa ta fi cutar da ƙaramin yaro, da abin da ya sa jiƙa dutse kafin niƙa ke rage ƙura, da haɗarin tururin zaiba da ake ƙonawa wajen tace zinariya, ya fi haddar alama wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda zai iya ceton rai.

Abin da tarihin ya nuna

In aka jera waɗannan zamuna za a ga cewa zaton da aka fara da shi bai tsaya ba. Inda aka nemi amfani aka bar zurfi, kamar gonar elementare, jama'a sun raina abin. Inda aka riƙe wuya aka bar amfani, kamar hujjojin da Shehu ya soka ko haddar jarrabawa, ilmin ya tsaya a baki. Wuraren da aka ci nasara, kamar lissafin gado da littattafan Zariya, su ne inda wuyar ta fito daga cikin aikin kansa.

Kayan irin wannan darasi suna nan a yankin. Ɗalibin lissafi a Gusau zai iya auna kaɗa kafin gurza da bayanta, ya ga cewa abin da ke fita kusan sulusi ne, sauran angurya, sa'an nan ya lissafa abin da manomi ya samu da abin da ɗan kasuwa ya samu. Ɗalibin kimiyya zai iya tsayawa a bakin marina ya nemi dalilin da zane ke fitowa kore-kore daga cikin baba, ya koma shuɗi da ya sha iska, ko abin da ke cikin bagaruwa da ke hana fata ruɓewa a majema. Ɗalibin labarin ƙasa a Bunguɗu yana da gulbin Sakkwato da dutsen Kwatarkwashi a gabansa. Ɗalibin Hausa a Tsafe zai iya ɗaukar tarihin 'Yandoto daga bakin dattawa biyu, ya gwama inda suka saɓa, ya kawo hujjar wanda ya fi karɓa. Kowane ɗaya daga waɗannan ya fi kwafe rubutu daga allo wuya, ga ɗalibi da malami duka.

Kammalawa

Cikas ɗin ba ɓoyayyu ba ne. Matsalar tsaro ta sa an rufe makarantu a jihar a shekara ta 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe da wasu wurare, kuma malamin da ke tsoron hanya ba zai fita da aji zuwa gona ba. Amma akwai abin da yake hannun ma'aikata. Malami yana koyar da abin da ake jarrabawa a kansa, yana kuma kiyaye abin da sufeto ke dubawa. Muddin jarrabawa hadda take nema, sufeto kuma cikar rajista da yawan shafukan da aka kwafe yake ƙirgawa, aji ba zai sake ba ko da an sake manhaja sau goma. Kwalejin horon malaman fasaha ta tarayya da ke Gusau, da jami'ar tarayya da aka kafa a garin a shekara ta 2013, da makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe, su ne wuraren da malaman gobe da ma'aikatan gobe ke fitowa. Ya kamata a bukaci kowane mai koyon malanta ya shirya aƙalla darasi guda da ya samo daga wata sana'a ta garinsu, ya koyar da shi a gaban mai sana'ar da kuma malamin fannin, dukansu biyu su amince kafin a ba shi shaida.